Su Wa Ke Riƙe da Akalar Lafiyarmu, Kuma Ta Ina Suka Biyo?

 

An nemi in yi magana a kan mutanen da suka riƙe manyan kujerun kiwon lafiya a ƙasar nan: inda suka fito, abin da suka karanta, da hanyar da ta kai su kujerar. Babu garin da ya fi Abuja dacewa da wannan zance. Idan mutum ya tashi daga Sakatariyar Tarayya inda Ma'aikatar Lafiya take, ya biya ta Garki wajen Hukumar Lafiya Matakin Farko, ya nufi Jabi ofishin hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta NCDC, ya dawo Asibitin Ƙasa, to kafin azahar ya zaga ofisoshin da ake yanke shawarar lafiyar mutum sama da miliyan 200. Sa hannun mutum ɗaya a ɗayan ofisoshin nan yana iya sa allurar rigakafi ta isa Illela a kan lokaci, rashinsa kuma ya sa ta lalace a ɗakin ajiya. Saboda haka muna da haƙƙin mu tambayi yadda ake rainon masu sa hannun.

Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne: iya duba majiyyaci daban, iya riƙe ma'aikatar lafiya daban. Mun daɗe muna ɗaukar su abu guda, muna naɗa gwani a fannin farko mu zuba ido ya yi mana na biyun. Tarihin shugabanninmu ya nuna waɗanda aikinsu ya ɗore su ne waɗanda suka sauka ƙasa suka zauna da talaka, suka kuma koyi lissafin kuɗi da sarrafa ma'aikata, ko da kuwa ba a koya musu wannan a makarantar likitanci ba.

Mu fara daga gida. Likita na farko da Arewa ta samu shi ne Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya tashi a Wusasa ta Zariya, ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya shiga aikin gwamnati a 1940. Sunansa ne asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da shi. Ku lura da abin da ya faru da shi: kafin shekara goma da fara aiki, shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, daga baya kuma Janar Gowon ya ba shi kwamishinan tarayya na ma'adinai da lantarki. Haka aka yi da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, likitan Sardauna, wanda ya zama shugaban Jami'ar Ahmadu Bello a 1966 yana ɗan shekara 39, ya kuma riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje zamanin Shagari. Haka Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi da ta man fetur. Masu ilimi sun yi ƙaranci a lokacin, don haka duk likitan da ya nuna kaifin basira sai a janye shi a kai shi wani fagen. Ƙasa ta amfana da su ƙwarai, amma ɓangaren lafiya ya yi ta ba da aron manyansa. Daga cikin wannan sahu, wanda ya fi zama a fagen lafiyar al'umma har tsufa shi ne Farfesa Umaru Shehu na Maiduguri, wanda ya koyar da wannan fanni a Zariya, ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rasu a 2023. Allah ya gafarta masa.

Zan ɗan daɗe a kan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, domin a ganina har yau shi ne ma'aunin da ake gwada ministan lafiya da shi. Likitan yara ne, ya yi karatu a Dublin, ya koyar a Jami'ar Legas. Abin da ya gani a ɗakin yara shi ya sauya masa alƙibla. Yaran da ake kawo masa suna mutuwa, gudawa ce da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, cututtukan da ake iya tarewa tun a gida. Sai ya gane cewa farfesan da ke jira a asibitin koyarwa, ƙarshen labari kawai yake tararwa. Da Janar Babangida ya naɗa shi minista a 1985, sai ya mayar da hankalin ma'aikatar gaba ɗaya kan kiwon lafiya matakin farko, bisa aƙidar taron Alma-Ata na 1978. An zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji a 1986. An fitar da manufar lafiya ta ƙasa ta farko a 1988. An cika rediyo da talabijin da koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari, da shayar da nonon uwa, da kai yara rigakafi. Da yawa daga cikinmu a nan mun ga iyayenmu mata suna auna gishiri da sukari a kwalbar ruwa saboda wannan aiki. A 1992, shekarar da ya bar kujerar, aka kafa Hukumar Lafiya Matakin Farko da ke nan Garki. Kuma a 1997, lokacin da mutane ke jin kunyar ambaton ƙanjamau, shi ne ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce cutar ce ta kashe ƙaninsa Fela. Ku auna nauyin wannan a kan ɗan'uwa. Ya saka sirrin gidansu a faifai don al'umma ta daina musun cutar.

Shekara bakwai ya yi a kujerar. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin bayansa an yi ta sauya ministoci kafin su gama gane hanyar ofis, kuma rigakafin yara da ya ɗaga ya sake faɗuwa warwas a shekarun 1990. Shugaba nagari ma yana bukatar lokaci, yana kuma bukatar magajin da ba zai watsar da aikin ba don kawai ba shi ya fara ba.

Yanzu ga mutum biyu da ba likitoci ba ne, kuma na san ambatonsu zai sosa wa wasu abokan aikina inda ba ya musu ƙaiƙayi. Farfesa Eyitayo Lambo, ministan lafiya daga 2003 zuwa 2007, masanin tattalin arziki ne, ya yi aiki a ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Bai taɓa riƙe wuƙar tiyata ba. Amma a zamaninsa ne aka ƙaddamar da inshorar lafiya ta ƙasa a 2005, bayan dokarta ta 1999 ta yi shekaru a kan takarda, kuma a zamaninsa aka fara tsara ƙudurin da ya zama Dokar Lafiya ta Ƙasa a 2014. Tambayar da ya riƙa yi ita ce tambayar mai lissafi: wa zai biya, nawa ne, ta wace hanya kuɗin zai isa asibitin ƙauye? Likita ba ya son wannan tambaya, amma ita ke raba shiri mai rai da shirin da ya mutu a ranar bikin ƙaddamarwa.

Ta biyun ita ce Farfesa Dora Akunyili, masaniyar haɗa magunguna, shugabar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. Abin da ya fito da ita riƙon amana ne. Tana aiki a hukumar asusun rarar kuɗin man fetur ta PTF aka ba ta kuɗin tiyata a Landan, likitocin can suka ce ba ta bukatar aikin, ta dawo ta mayar da ragowar kuɗin. Ta rasa ƙanwarta mai ciwon sukari a 1988 saboda jabun allurar insulin, don haka ta san ciwon abin a jikinta. Ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta rufe kasuwanni, aka ƙona ofisoshin hukumar, a Disambar 2003 aka harbi motarta harsashi ya huda ɗankwalinta. Ba ta ja da baya ba. Duk wanda a yau yake juya kwalin magani yana neman lambar NAFDAC kafin ya biya kuɗi, ɗabi'ar da ta dasa ce.

Sai labarin da ya fi shafar mu 'yan Arewa, wato shan inna. Kun san abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi, har zuwa Yulin 2004. Bai kamata mu riƙa ba da labarin nan kamar jahilci ne kawai ya jawo shi ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara. Kuma uwa tana ganin an biyo ta har ɗaki da ɗigon shan inna kyauta, alhali in ɗanta na zazzaɓi ta je asibiti sai ta sayi magani da kuɗinta. Tambayarta tana kan hanya. An kai samfurin rigakafin ɗakunan gwaji, sakamako ya nuna ba shi da illa, amma takardar ɗakin gwaji ba ta shiga zaure.

A nan tarihin Farfesa Muhammad Ali Pate yake da darasi. Ɗan Misau ne a Jihar Bauchi, an haife shi a 1968, ya yi likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi aiki a Gambiya, ya ƙware a cututtuka masu yaɗuwa a Amurka. Daga nan sai ya ƙara da abin da yawancinmu ba mu ƙarawa: digiri a kan tafiyar da tsarin lafiya a Landan, da digirin gudanar da kasuwanci a Jami'ar Duke, ya kuma shiga Bankin Duniya a 2000. Da Shugaba 'Yar'aduwa ya ba shi Hukumar Lafiya Matakin Farko a 2008, masu ɗauke da shan inna a ƙasar nan sun kusa 800 a shekarar. Da duk wannan karatu na waje, ƙofar da ya fara ƙwanƙwasawa ita ce ta sarakuna. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Sarki ya ɗiga wa jikansa maganin a gaban jama'a, hakimi ya kira dagatai, dagaci ya kira masu unguwa, mai unguwa ya san gidan da aka ɓoye yaro. A 2010 adadin ya sauko zuwa 21. A wannan zamanin ne kuma aka fara shirin tura ungozomomi karkara. Pate ya zama ƙaramin minista daga 2011 zuwa 2013, ya koma waje, ya riƙe sashen lafiya na Bankin Duniya, a 2023 aka zaɓe shi shugaban ƙawancen rigakafi na duniya Gavi, ya ajiye tayin ya dawo ya karɓi kujerar minista. Aikinsa na yanzu bai ƙare ba, kuma hukunci a kansa na waɗanda ke kai 'ya'yansu asibitocin gwamnati ne. Abin da nake nuna muku shi ne haɗin da ya yi aiki a 2009: mutumin da ya iya zama da masu ba da tallafi a Washintan, ya kuma san yadda ake cire takalmi a ƙofar fada.

Kafin in wuce, wajibi ne in ambaci mata tara masu aikin rigakafi da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. Ba su da muƙami, ba a rubuta tarihin aikinsu a mujalla ba. Ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, da jininsu a cikin wannan nasara. Allah ya jiƙansu.

Aikin shan inna ya yaye shugabanni ba tare da an shirya hakan ba. Cibiyar ɗaukin gaggawa da aka kafa nan Abuja a 2012 ta koya wa matasan likitoci aiki da alƙaluma kullum safiya, da bin diddigin ma'aikaci har ƙauye, da yanke shawara cikin sa'o'i. Da wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli 2014, Dokta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta kamu ta rasu. Wanda aka tura ya jagoranci cibiyar yaƙi da cutar a Legas shi ne Dokta Faisal Shuaib, ɗan Jihar Nasarawa, shi ma yayen Zariya, kuma daga cibiyar shan inna aka ɗauko shi. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta kuɓuta. Daga baya Dokta Shuaib ya riƙe Hukumar Lafiya Matakin Farko daga 2017 zuwa 2023. Wannan ya nuna ana iya horar da shugaba, in an jefa shi cikin aiki na gaske tun yana da ƙarfi, aka kuma sa masa ido.

To yaya muke naɗa shugabannin manyan asibitocinmu? Mutum ya yi shekara shida a makarantar likitanci, shekarar gwaji, bautar ƙasa, shekara biyar ko shida na ƙwarewa, ya yi rubuce-rubuce har ya zama farfesa. Duk tsawon hanyar nan da wuya a zaunar da shi a koya masa karanta kasafin kuɗi ko dokar sayen kayan gwamnati. Ran nan sai a ce shi ne babban daraktan asibiti. Ku zo mu leƙa teburinsa da safiyar Litinin. Takardar farko ta mai kawo man janareta ce, yana bin bashin wata uku, ya ce ba zai ƙara kawowa ba. Ta biyu daga kamfanin lantarki, da barazanar yanke wuta. Ta uku sanarwar yajin aiki. Ta huɗu daga ɗakin magani, asusun da ake juyawa ya ƙare domin an ci bashinsa an biya wani abu. Ta biyar wasiƙar wani babba da ke son a ɗauki ɗansa aiki. A waje ga dangin majiyyaci suna jira, an ce su kawo kuɗin jini. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wuƙar tiyata ke warwarewa. Na ga gwanayen likitoci, mutanen kirki, waɗanda wannan teburin ya tsufar da su cikin shekara huɗu, asibiti ya rasa likitan fiɗa bai kuma samu manaja ba. Kamar a ɗauki gwanin direba ne a ce ya riƙe tasha, don dai ya fi kowa iya tuƙi.

Wannan ya kai mu ga rigimar da ta daɗe tana cin mu, tsakanin ƙungiyar likitoci da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU, a kan wa ya cancanci shugabantar asibiti. Dokar asibitocin koyarwa ta 1985 ta keɓe kujerar ga likita. An kafa kwamitoci, har da na Alhaji Yayale Ahmed zamanin Shugaba Jonathan, rigimar tana nan. Ra'ayina a fili yake. Abin da ya shafi duba majiyyaci da horar da likitoci, likita ne zai jagoranta, babu ja. Amma tafiyar da kuɗi da ma'aikata da gine-gine sana'a ce mai zaman kanta, kuma duk wanda zai hau kujerar, likita ne ko malamin jinya ko mai haɗa magani, a tilasta masa ya nuna ya koye ta, ya kuma taɓa riƙe ƙaramin wuri ya gyara shi. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017, Tedros na Habasha, ba likitan asibiti ba ne. Duk ranar da muka tafi yajin aiki a kan kujera, matar da ke naƙuda a Kwali ce ke biyan kuɗin faɗan.

Mata fa? Su ne mafi yawan masu jinya da karɓar haihuwa, amma sai a 2007 aka samu mace ta farko ministar lafiya, Farfesa Adenike Grange. Alhali ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne, kuma Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi nauyi. Ku dubi Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Ta zauna a Kano, a ɗakin haihuwa, ta jagoranci ɓangaren Nijeriya na wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka huɗu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Wata leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ta zubar da ido, maimakon kintace, sannan a ba ta magunguna a lokaci guda ba ɗaya bayan ɗaya ba. Zubar jini mai tsanani ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Irin wannan ilimi a ɗakin haihuwa ake samunsa, kuma ya kamata masu shi su yawaita a teburin da ake raba kasafi.

Kasafin kuwa kun san halinsa. A garin nan, a Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Sunan Abuja alkawarin yake ɗauke da shi, amma kasafin tarayya yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 yake yawo. Fiye da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun majiyyaci yake fita. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don asibitocin matakin farko, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Dokoki ne masu kyau, amma suna bukatar shugaban da zai iya zama da ministan kuɗi da 'yan majalisa da gwamnoni ya kare lissafinsa. Ga kuma ficewar ma'aikata: ministan lafiya da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Cikinsu akwai waɗanda da su ne za su riƙe asibitocinmu nan da shekara goma sha biyar.

Ina da roƙo ga hukumomin da ke wakilce a zauren nan. Ku sa darasin gudanarwa da kasafi cikin horon ƙwarewa, ya zama sharaɗi kafin a nemi shugabancin asibiti. Kada a ba mutum babbar kujera a Abuja sai ya taɓa riƙe asibitin ƙaramar hukuma, ya san abin da ake yi in firjin rigakafi ya mutu ranar Juma'a da yamma. Ba sai an je nesa ba, Abaji da Kuje da Bwari suna nan kusa. Ku buɗe wa malaman jinya da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma hanyar hawa, domin jami'ar da ta riƙe ƙaramin asibiti shekara goma da ma'aikata uku da rajista ɗaya ta riga ta fara koyon shugabanci. In kun samu nagari, ku bar shi ya daɗe.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, in an tura ku karkara bautar ƙasa, kada ku nemi a dawo da ku birni. Ku je ku gaida mai gari, ku zauna da ungozomar gargajiya, ku koyi yadda ake cike takardar kuɗi, ku riƙe amanar kwalin magani ɗaya kafin a ba ku ta ma'aikata. Wanda ya samu damar karatu a waje ya je, amma ya dawo, muna bukatarsa.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.